Tambayoyi da amsoshi kan kwamfuta, waya da tsaron asusu a intanet

Waɗannan su ne tambayoyin da masu amfani da waya da kwamfuta suka fi maimaitawa. Inda amsa ta bambanta tsakanin Windows, Android da iPhone mun faɗa. Maɓallai kan sauya wuri daga wata sigar manhaja zuwa wata, don haka idan ba ka ga abu a inda muka ce ba, rubuta sunansa a akwatin bincike na saitin na'urar.

Kalmar sirrina tana da babban baƙi da lamba da alama. Wannan bai wadatar ba?

Ya danganta da wurare nawa ka sa ta. Idan masu kutse suka fasa rumbun bayanan wani shafi, sukan kwashe adireshin imel da kalmomin sirri, su zuba a manhajar da ke gwada su a ɗaruruwan shafuka ba dare ba rana. Muddin kalmar da ke kan imel ɗinka ita ce a wani ƙaramin shafi da ka yi rajista shekara biyar da suka wuce ka manta, to ƙarfinta bai wuce ƙarfin wannan ƙaramin shafin ba. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3, kuma sai a 2017 kamfanin ya bayyana cikakken adadin.

Abu na biyu shi ne tsawo. Shafin kirki ba ya ajiye kalmar sirri a fili, yakan dagula ta da lissafi, sai ɓarawon da ya sace rumbun ya zauna yana gwada zato a na'urarsa. Da ƙananan haruffa 26 da ke kan madannai, kalma mai harafi 8 tana iya fitowa ta hanyoyi kimanin biliyan 209, wanda ba wani aiki ba ne ga kwamfuta mai ƙarfi. Ƙara haruffa huɗu kawai yana ninka aikin sau 456,976. Sauya "a" da "@" kuwa ba ya ƙara komai, domin manhajojin fasa kalmar sirri sun daɗe da sanin dabarar. Haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna ya fi. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ma'auni da ƙa'idojin fasaha, ta daina ba da shawarar sauya kalmar sirri duk bayan 'yan watanni, saboda abin da mutane ke yi shi ne ƙara 1 ko 2 a ƙarshe. A sauya ta idan akwai alamar ta fita.

To ta yaya mutum zai riƙe kalmomi arba'in daban-daban?

Ba da ka ake riƙewa ba. Manhajar ajiye kalmomin sirri, irin su Bitwarden, 1Password, KeePassXC ko wadda ke cikin asusun Google da Apple, ita ke ƙirƙira ta ajiye, kai kuma ka haddace babbar kalma ɗaya da ke buɗe ma'ajiyar. Tana da wani amfani da ba a cika ambata ba: ba ta cike kalmar sirri a shafin jabu, domin adireshi take dubawa, ado ba ya ruɗar ta.

Haɗarin tara komai wuri ɗaya gaskiya ne. A 2022 an sace kwafin ma'ajiyar masu amfani da LastPass. Kalmomin sirrin a kulle suke, amma wanda babbar kalmarsa gajera ce ya shiga haɗarin a fasa tasa. Saboda haka babbar kalmar ta zama doguwa, kada a taɓa amfani da ita a wani wuri. Wanda manhaja ke ba shi wahala, littafin takarda da ya ɓoye a gida ya fi masa maimaita kalma ɗaya nesa ba kusa ba.

Wane irin tabbaci mai mataki biyu ya fi?

Mataki biyu shi ne shafi ya nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin ya bar ka ka shiga. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ita ce mafi rauni, duk da cewa ta fi babu. Rauninta a layin waya yake: idan ɗan damfara ya yaudari kamfanin sadarwa aka mayar da lambarka kan wani sim, duk saƙonnin wurinsa za su je. Ta haka aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey a watan Agusta 2019, alhali shi ne shugaban kamfanin a lokacin. Alamar farko ita ce layinka ya ɗauke sabis kwatsam yayin da na mutanen da ke kusa da kai yake aiki. Idan haka ta faru, ari wata waya ka kira kamfanin sadarwar nan take.

Sama da wannan akwai manhajar da ke fitar da lamba 6 mai sauyawa duk daƙiƙa 30, kamar Google Authenticator, Microsoft Authenticator ko Aegis. Ba ta buƙatar sabis ko intanet, daga agogon wayar da wani sirri da aka ajiye take lissafa lambar. Shi ya sa idan agogon ya kauce, shafi zai yi ta ƙin lambobin. Maganin shi ne a bar wayar ta saita lokaci da kanta.

Ranar da ka kunna mataki biyu, a ranar za ka adana lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ke buɗe maka asusun idan wayar ba ta hannunka. Google yana ba da guda 10, kowace mai lamba 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda. Mutane da yawa da suka rasa asusu ba kutse aka yi musu ba, waya ce ta faɗa ruwa babu lambar ko-ta-kwana.

Mene ne passkey da shafuka ke ta neman in kunna?

Makulli ne na lissafi mai ɓangare biyu. Shafin yana riƙe da ɓangaren da ba sirri ba, na'urarka tana riƙe da na sirrin, kuma sai da yatsanka, fuskarka ko lambar buɗe allo take amfani da shi. Hoton yatsan ba ya barin wayar. An ɗaure makullin da ainihin adireshin shafin, don haka ko an ja ka zuwa shafin jabu babu abin da za ka rubuta musu. Apple, Google da Microsoft sun sanar da goyon bayansu ga tsarin a watan Mayu 2022. Mu muna ganin ya cancanci kunnawa, da sharaɗin lambar buɗe wayarka ta zama mai ƙarfi, tunda yanzu ita ce ƙofar.

Ta yaya zan gane saƙon yaudara?

A da kurakuran rubutu kan tona musu asiri, yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta musu saƙo tsaf. Abin da bai sauya ba shi ne gaggawa: za a rufe asusunka cikin awa 24, kayanka sun maƙale, an cire maka kuɗi. Manufar ita ce ka danna kafin ka yi tunani.

Koyi karanta adireshi. Bayan "https://", nemi layin karkace na farko, wato "/", ka karanta abin da ke gabansa daga dama. Sunan da ke manne da .com ko .net ko makamancinsu shi ne mai shafin. A adireshi irin google.com.tabbatar-asusu.net/shiga, mai shafin shi ne tabbatar-asusu.net, sunan Google ado ne kawai aka liƙa a gaba. A kwamfuta ɗora alamar linzami a kan mahaɗin ba tare da dannawa ba, adireshin zai fito a ƙasan allo. A waya danna ka riƙe.

Alamar kwado a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce. Abin da take nufi shi ne hanyar da ke tsakaninka da shafin a kulle take, kuma 'yan damfara ma suna samun takardar shaidar da ke fito da kwadon a kyauta. Saboda yawan rashin fahimtar ne burauzar Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta cire alamar a 2023. Hanya mafi aminci ita ce ka rufe saƙon, ka buɗe manhajar bankin ko ka rubuta adireshin da hannunka. Idan maganar gaskiya ce za ka tarar da ita a ciki.

Ina da mataki biyu, amma an shiga asusuna. Ta ina?

Galibi ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai shafin jabu ya karɓi kalmar sirrin da lambar ya miƙa su ga shafin gaskiya a cikin daƙiƙun nan, ko kuma wata muguwar manhaja ta sace ɗan fayil ɗin da burauza ke ajiyewa don tuna cewa ka riga ka shiga. Mai wannan fayil ba a tambayarsa kalmar sirri. Irin wannan manhaja ta fi shigowa ta manhajojin sata da aka fasa, da kayan maguɗin wasanni, da wata dabara da ta yaɗu tun 2024: shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne ta hanyar danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya bi wannan umarni ya kunna wa kansa ɓarawo da hannunsa. Babu shafin gaskiya da ke neman haka.

Jerin gyaran yana da muhimmanci. Yi aikin daga wata na'ura mai tsabta, kada ka yi daga wadda ake zargi. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita sauran asusun. Sauya kalmar sirri, sannan ka zaɓi fitar da duk na'urorin da ke ciki, wanda shi ke kashe fayil ɗin da aka sace. Duba lambar waya da imel na dawo da asusu ko an sauya su. Duba dokokin tura saƙo, domin masu kutse kan bar dokar da ke aika musu kwafin duk wasiƙar da ta shigo. Ita kuwa kwamfutar da ta kamu, mafi aminci a kwashe takardu a goge ta a sake ɗora Windows.

An ƙwace min WhatsApp. Zan iya dawo da shi?

Idan layin yana hannunka, e. Sake shigar da lambarka, ka sa lamba 6 da za ta zo ta tes, wannan zai fitar da wanda ke ciki. Idan ya riga ya sa nasa PIN na mataki biyu, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da shi ba, amma shi ma an fitar da shi tun lokacin da ka sa lambar. Bayan ka shiga, duba jerin na'urorin da aka haɗa ka cire wadda ba ka sani ba, ka sa naka PIN tare da imel. Kusan kullum satar tana farawa ne da wani "aboki" da ya ce ya turo maka lamba bisa kuskure, ka mayar masa.

Dole ne in riƙa sabunta manhaja? Na ji sabuntawa ma tana lalata kwamfuta.

Duka biyun sun faru. A watan Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Wata biyu bayan nan, ranar 12 ga Mayu, muguwar manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Waɗanda suka ɗora gyaran ba ta shige su ta wannan hanyar ba. A ɗaya ɓangaren, ranar 19 ga Yuli, 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Sai dai wannan manhajar ma'aikatu ce, ba ta kwamfutar gida ba.

A ma'auninmu, haɗarin ƙin sabuntawa ya fi girma sosai, domin da zarar an fitar da gyara, masu kutse suna nazarinsa su gano ramin da aka toshe. Bar sabuntawar tsaro ta riƙa sauka da kanta. Babban sauyin siga kuwa ana iya jinkirta shi mako ɗaya ko biyu. Burauza ba ta kammala sabuntawa sai an rufe ta an sake buɗewa.

Kwamfutata tana kan Windows 10. Me ya kamata in yi?

Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, tare da shirin ƙarin gyaran tsaro ga masu amfani na gida da suka yi rajista, wanda da farko aka sanar cewa zai kai 13 ga Oktoba, 2026. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, ramukan da aka gano daga baya ne za su zauna a buɗe.

Windows 11 yana buƙatar RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da injin sarrafawa na Intel ƙarni na 8 ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka abin da ya gaza. Sau da yawa TPM yana nan, a kashe yake cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Kafin ka taɓa BIOS, nemo makulli mai lamba 48 na BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, daga asusunka na Microsoft ka rubuta, don kada faifan ya kulle ka a waje. Injin da ya tsufa da gaske zai iya ci gaba da aiki lafiya da Linux Mint ko ChromeOS Flex a madadin Windows, idan aikin bai wuce burauza da rubutu ba.

Kwamfutar ta yi nauyi. Ƙwayar cuta ce?

Ba kasafai ba. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna aikin da kowane ɓangaren kwamfuta ke yi, zai buɗe, ka duba wane ginshiƙi ne ya cika. Idan faifai ne ke zama a kashi 100 kuma tsohon faifai mai juyawa ne, sauya shi da SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta. Babu gyaran da ya kai wannan tasiri a tsohuwar kwamfuta. Mai juyawa yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kimanin 500, kuma tazarar ta fi haka nisa wajen ƙananan fayiloli, tunda SSD ba shi da allurar karatu mai kai-kawo irin ta mai juyawa. Idan RAM ce ke haura kashi 85, ƙara ta zuwa gigabait 8 ko 16, bayan ka tabbatar da nau'inta, DDR4 ko DDR5, domin ba sa shiga ramin juna, wasu laftof ɗin ma an like tasu da allon injin. Idan fanka na ta ihu kuma injin na rage gudu, ƙura ce ta toshe mafitar iska, zafi ya sa injin ya ja da baya don kare kansa. Kashe ta, ka riƙe fankar kada ta juya, ka hura iska.

Manhajojin da ke alƙawarin "wanke" kwamfuta su ƙara mata sauri, a bar su. Microsoft Defender da ke cikin Windows ya wadatar wa yawancin mutane, kuma haɗa riga-kafi biyu a lokaci guda yana ƙara nauyi ne.

Hotunana suna Google Drive. Ai na yi ajiyar ko-ta-kwana ke nan?

Rabi ka yi. Abin da waɗannan rumbuna suke yi shi ne daidaita na'urori: ka goge a nan, ya goge a can. Idan manhajar garkuwa da fayiloli ta kulle takardunka, kullallun za su hau su maye gurbin masu kyau. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Faifan waje a cire shi bayan an gama kwafi, domin wanda ke jone kullum tare za a kulle su. Lokaci-lokaci ka buɗe wasu fayiloli daga cikinsa ka ga suna buɗuwa.

Wi-Fi na jama'a yana da haɗari? Sai da VPN?

Haɗarin ya ragu tunda yawancin shafuka suna kan https. Mai Wi-Fi ɗin zai iya ganin sunan shafin da ka je, ba zai ga abin da ka rubuta ba. Idan burauza ta yi gargaɗin takardar shaida, kada ka tsallake. VPN, wato tsarin da ke bi da duk zirga-zirgarka ta wata kullalliyar hanya, yana ɗauke ganin daga mai Wi-Fi ya miƙa wa kamfanin VPN ɗin, ba ya hana shafin jabu ko muguwar manhaja, kuma na kyauta da ba a san mai shi ba ya fi rashinsa muni.

Rautar gida, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ta fi buƙatar kulawa. Shiga saitinta, galibi ta rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, ka sauya kalmar sirrin mai gudanarwa, ka zaɓi WPA2 ko WPA3 a matsayin tsarin kulle Wi-Fi, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori da jerin kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 kacal, aka yi amfani da su wajen harin da ya katse Twitter da Netflix a sassan Amurka.

Barin waya a caji har safe yana kashe batir?

Wayar tana yanke caji idan ta cika. Abin da ke tsufar da batirin lithium shi ne zafi da daɗewa a kashi 100, shi ya sa sabbin wayoyi da laftof ke da zaɓin tsayar da caji a kashi 80. Kada a yi caji ƙarƙashin matashin kai. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga allo ko murfi, a daina amfani da shi nan take, kada a danna ko a huda shi.

Kan igiyar caji: dokar Tarayyar Turai ta wajabta USB-C ga sabbin wayoyi daga 28 ga Disamba, 2024, Apple kuma ya koma amfani da shi tun iPhone 15 a 2023. Amma kan igiya iri ɗaya ba ya nufin aiki iri ɗaya. Igiya ta gama-gari wat 60 take ɗauka, mai ɗaukar wat 100 zuwa sama tana da ɗan guntu a cikin kanta, kuma da yawa daga igiyoyin caji a hankali suke kwashe fayil.

Da gaske ana kwaikwayon murya da fuska a yi damfara?

Da gaske ne. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa, ashe duk na jabu ne. Ido da kunne ba za su cece ka ba. Idan aka kira ana neman kuɗi ko lamba cikin gaggawa, kashe kiran ka kira mutumin ta lambar da ka riga ka sani. Iyali ko abokan aiki za su iya ajiye wata kalma da su kaɗai suka sani, a tambaye ta a irin wannan lokaci.

Zan sayar da tsohuwar waya ko kwamfuta. Goge hotuna ya isa?

Bai isa ba. Fara da kwashe bayananka, ka mayar da manhajar lambobin mataki biyu zuwa sabuwar waya ka gwada ta tukuna. Sannan ka fita daga asusun Google ko Apple, in ba haka ba wayar za ta nemi kalmar sirrinka a hannun wanda ya saya. Cire sim da katin ajiya, sai ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Wayoyin zamani a kulle bayanansu suke, wannan mataki yana lalata makullin.

Kwamfuta mai faifai mai juyawa daban take. Goge fayil yana cire sunansa ne daga jeri, bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma manhajojin dawo da fayil suna tono su. A wajen sake saita Windows zaɓi cire komai, ka kunna zaɓin tsabtace faifai, ka bar ta jone da wuta, domin aikin kan ɗauki awanni. Idan faifan ya lalace har ba ya goguwa, cire shi ka ajiye ko ka huda shi kafin ka rabu da kwamfutar.